Shagon da ya kwafe mana tsofaffin fayafayen fulofi a Ringim

Bayan rasuwar sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani, Allah Ya jiƙansa, iyalinsa suka aiko mini da gwangwanin biskit cike da fayafayen fulofi 34 masu inci 3.5, wato tsofaffin fayafayen ajiyar bayanai na kwamfuta, inda ya adana lissafin taki da basussukan mambobi. Marigayin ba mai yawan rubutu ba ne: wani faifan "taki" kawai aka rubuta masa, wani kuma "03/04/01", wanda ba ka iya tantance rana da wata, balle shekara. Na ɗauke su daga ƙauyenmu zuwa wani shagon kwamfuta a Ringim domin a juye su a filas, ɗan abin ajiyar bayanai da ake sokawa a kwamfuta.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne, kafin matashin mai shagon ya saka kowane faifai a na'ura, sai ya zame ɗan makullin da ke kusurwa har ramin ya buɗe, don kada kwamfuta ta rubuta komai a kai. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Baba, duba nan, mai rami biyu shi ne HD, yana ɗaukar megabait 1.44, mai rami ɗaya kilobait 720 ne."

Amma tsarin lakabinsa ne ya fi cancantar yabo. Bai goge rubutun marigayi ba, bai kuma lafta sabuwar sitika a kan tsohuwa ba, domin sitika mai kauri ko mai ɗagowa tana iya maƙalewa cikin na'ura. Ƙaramar takarda ya liƙa wadda ta lanƙwasa ta gefen da ke kallon sama idan an jera fayafayen a tsaye, ba ta taɓa marfin ƙarfe ko ramukan ba, kuma sai ya gama rubutu kafin ya manna. Kowacce na ɗauke da lamba, da shekara cikakkiya, da manhajar da aka yi aikin da ita, galibi manhajar rubutu ta WordPerfect. Lambar nan ita ce sunan jakar faifan a filas, ita ce kuma a littafin da ya ba ni, inda ya fayyace sunaye irin BASHI99, tunda tsohon tsarin kwamfuta na DOS haruffa 8 kawai yake ba sunan fayil, sai 3 bayan ɗigo.

Ƙorafina biyu ne. Ya ce kwana uku, sai da na yi sawu uku cikin mako biyu, yana kafa hujja da rashin wuta. Sannan ba shi da na'urar karanta manyan fayafaye masu inci 5.25, don haka mai irinsu kada ya wahalar da kansa.

Guda shida sun ƙi buɗewa saboda danshi da ƙura. Ya ɗiga musu jan tawada, ya ɗaure su daban da kyauro, bai karɓi kuɗinsu ba, ya kuma roƙe ni kada in zubar, tunda kamfanin Sony ya daina ƙera fulofi tun 2011, wata na'urar kuma takan karanta abin da tasa ta kasa. Suna nan cikin gwangwanin, zan gwada su a Kano bayan girbi.