Kamisama Kiss: na je kallon soyayyar aljani, na tarar da labarin waɗanda aka tafi aka bari

Ƙanwata ce ta matsa mini. Kusan wata guda, duk lokacin da na leƙa ɗakinsu sai ta ce, "Yaya, don Allah kashi ɗaya kawai, in bai yi miki ba ki ajiye." Ni kuwa a lokacin katun a wurina abin yara ne, da ta ƙara da cewa labarin wata yarinya ce da aljani sai na ƙara ja da baya. A wajenmu zancen aljani ya auri mace ba abin dariya ba ne. Magana ce ta ruƙiyya da hayaƙi da zaryar gidan malamai, wadda mata ke yi ƙasa-ƙasa don kada yara su ji. Wata Juma'a da daddare dai na karɓi wayar na kalli kashi na farko. Kafin mako biyu su cika na gama duka kashi 25, kowanne kamar minti 24, da muryoyin Japananci ina bin fassarar Turanci da ke gudana a ƙasa.

Sunansa na asali Kamisama Hajimemashita, a kasuwar waje kuma Kamisama Kiss. Wata marubuciya mai zane, Julietta Suzuki, ita ta ƙirƙiro labarin a irin littattafan zanen nan da suke kira manga. Ya riƙa fitowa a mujallar 'yan mata ta Hana to Yume daga 2008 zuwa 2016, ya tashi littafi 25. Kamfanin TMS Entertainment ne ya mayar da shi anime, wato katun irin na Japan, Akitaro Daichi ya ba da umarni, zango na farko kashi 13 a 2012, na biyu kashi 12 a 2015.

Nanami Momozono 'yar sakandare ce. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, ubanta kuma ɗan caca ne da ya ci bashi ya yi masa katutu, ya bar mata 'yar takarda ya gudu. Aka zo aka fitar da ita daga gidan. Ga ta da daddare a wurin shan iska, ita da jakarta, ba ta san inda za ta kwana ba, sai ta ji wani mutum a kan bishiya yana neman a kore masa kare. Ta kore masa. Ya saurari labarinta, ya sumbace ta a goshi, ya zana mata kwatancen gidansa ya ce ta je ya ba ta. Da ta bi kwatancen sai ta tarar da tsohon wurin bauta a kan tudu, ya zama kamar kufai. Ashe mutumin, Mikage, shi ne kami ɗin wurin, wato wanda ake bauta wa a can, shekara 20 ke nan da ya sa ƙafa ya fita bai waiwayo ba, kuma wannan sumbar ta goshi muƙaminsa ne ya ɗora mata.

A nan ta haɗu da Tomoe, hadimin wurin. Kitsune ne, wato wata dabba dangin dila da yanyawa wadda a tatsuniyoyin Japan take rikiɗa ta zama mutum. Farin gashi, kunnuwa a tsaye, jela, kyau kamar shi ya yi kansa, baki kuma ba linzami. Yana ganinta ya ce shi ba zai yi wa wannan 'yar mutum bauta ba, ya kama gabansa.

Har zuwa nan ban ga abin da ya bambanta shi da littattafan soyayyar da muka karanta muna 'yan mata ba, na miskilin namiji mai ji da kai da talakar yarinya mai tsiwa. Abin da ya zaunar da ni wani ɗan wuri ne a kashi na farkon nan wanda bai fi minti biyu ba. Yaran wurin guda biyu masu rufe fuska, Onikiri da Kotetsu, sun sa Nanami shara da cirar ciyawa har ta galabaita, sannan suka tulo mata tarin littattafai. Duk mutumin da ya zo wurin ya roƙi wata buƙata a cikin shekara 20 ɗin nan, Tomoe ya rubuta ta da hannunsa ya adana, don in maigidansa ya dawo ya karanta. Shi ke share tsakar gida, shi ke gyara abin da ya lalace, ba wanda ya sa shi, ba wanda ke gani. Daga nan zafin bakinsa ya canza ma'ana a kunnena. Wanda aka ce masa "ina zuwa" aka yi shekara 20 ba a zo ba, sannan aka aiko masa da baƙuwar fuska aka ce ga magajiya, me ake so ya ce? Ita ma ɗin da aka aiko, jiya-jiya ubanta ya yi mata irin abin da aka yi masa. Su biyun ba wanda ya taɓa zama ya faɗi wannan da baki, kuma hakan ya fi mini daɗi. An bar mai kallo ya gano da kansa.

Dariyar kuwa akwai ta sosai, kuma tushenta ɗaya ne mai ƙarfi. Ƙa'idar duniyarsu ita ce ana ɗaure hadimi da sumba, kuma da zarar an ɗaure shi duk umarnin da uwargijiyarsa ta furta da gaske jikinsa sai ya bi ko ransa bai so ba. Nanami ta ɗaure Tomoe ne a tsakiyar faɗowa daga bishiya, wata mayya tana bin ta za ta cinye ta, shi kuma ya zo ya harɗe yana kallo yana cewa sai ta roƙe shi. Ta ƙi roƙo, ta fizgo shi. To ka ga tsohon aljanin da ya haura shekara 500, wanda a da sunansa kawai ake ji a watse, ya koma girki da wanki da rakiya makaranta a ƙarƙashin yarinyar da ko layar takarda ta rubuta ba ta cika ci ba. Ramuwar da ta rage masa ita ce ya cika mata abinci da naman kazan nan shiitake da ya san ba ta so. Ranar da wani mawaƙi mai tashe a ajinsu, Kurama, ya nemi cinye zuciyarta don ya gaje muƙamin, Tomoe ya mayar da shi jimina ya bi shi da wuta a barandar makaranta. Na yi dariya har Umma ta ɗaga murya daga ɗakinta tana tambayar ko lafiya. Akwai kuma wata mata mai ba da labari da ke tsoma baki lokaci-lokaci da wata irin murya ta masu tatsuniya, tana ƙara wa abin armashi.

Sai dai abin da na lura shi ne, duk wanda aka shigo da shi don a yi dariya ko a ji tsoro, in aka ɗan tona sai a tarar da kewa a ƙarƙashi. Wanda ya fi tsaya mini a rai Mizuki ne, farin macijin da Nanami ta ceta daga hannun 'yan ajinsu. Ya sa mata alama a hannu ya ce ya yi kamu, ya sace ta zuwa wurin bautarsu. Da farko na ɗauka mugu ne kawai. Ashe ƙauyen da wurin yake an yi madatsar ruwa ta shanye shi, mutane sun tashi, uwargijiyarsa Yonomori kuma da ta rasa masu zuwa wurinta sai ta dushe ta ɓace. Shi kaɗai ya rage a ƙarƙashin ruwa, ya gina siffar gidan da sihiri, yana kula da itaciyar da take so, yana yi kamar tana ɗaki tana barci. Da Tomoe ya zo ya banka wa wurin wuta, Nanami ba ta tafi tana murnar kuɓuta ba. Ta yi wa Mizuki alkawarin za ta dawo su kalli furen itaciyar tare in kaɗaici ya dame shi. Wannan halin nata shi ne ainihin ƙarfinta a labarin. Ba ta da sihirin kirki, amma ta san yadda wanda aka bari yake ji, don haka take gane shi tun daga nesa.

Haka labarin Himemiko, gimbiyar tarwaɗa ta fadamar Tatara, mai haɗa haƙora ƙas-ƙas in tana magana. Ta zo neman a haɗa ta da wani yaro ɗan Adam, Kotaro, da ta taɓa gani shekara 10 baya yana kuka a bakin fadama. Tomoe ya ce haramun ne a dokarsu, mutum da aljan ba sa haɗuwa. Nanami ta ce ita za ta gwada. Ina kallo ina jin cewa hukuncin da yake yankewa kansa yake yanke wa, tun bai sani ba.

A nan ya kamata in faɗi wani abu a fili, don na san zai tsaya wa wasu a rai kamar yadda ya tsaya mini. Kalmar kami a fassarar Turanci ana mayar da ita abin bauta, kuma labarin gaba ɗaya a kan addinin gargajiyar Japan, Shinto, aka gina shi, inda suke ganin kogi da dutse da iska da tsawa kowanne da nasa. A cikin labarin waɗannan kami suna mantuwa, suna kishi, suna tsoron kare, suna dushewa in an daina kula su. Sun fi kusa da abin da Maguzawa ke kira iskoki. Ni Musulma ce, na kalle shi a matsayin tatsuniyar wasu mutane, kamar yadda muka tashi muna kallon finafinan Indiya na macizai masu rikiɗa ba tare da mun ɗauki aƙidar ciki ba. Amma ba zan miƙa wa ƙaramin yaro shi in tashi in bar shi ba, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da irin wannan ba, ina ganin gaskiyarsa. Akwai sumba, tunda ita ce ƙa'idar ɗaurin, akwai shan giya, kuma tun a kashi na farko an nuna Tomoe ya tafi unguwar matan banza ta duniyar aljanu yana huce haushi. Ba a nuna tsiraici ba, amma gara a sani.

Ta wani gefen kuma na ƙaru da abubuwan da ban sani ba. A farkon zango na biyu Nanami ta tafi taron kami a Izumo, na ɗauka ƙirƙirar marubuciyar ce. Ashe Izumo wurin bauta ne na gaske a lardin Shimane, kuma a al'adarsu wata na goma na tsohuwar kalanda ana ce masa watan da babu kami a ko'ina cikin ƙasar, ban da Izumo, inda ake ce masa watan da suke nan, don wai can suke taruwa su tattauna wa zai auri wa. Dutsen Kurama ma yana nan a arewacin Kyoto, kuma tun da can ana danganta shi da tengu, aljanun nan masu fukafukan hankaka.

Soyayyar kanta a hankali take tafiya, kuma Nanami ce ta fara furtawa, a saman wani dogon bene bayan sun je kallon kifaye. Ya ce mata a'a, shi ba zai so 'yar Adam ba. Abin da ya burge ni shi ne ba ta mayar da ƙin nan ƙarshen duniya ba, kuma ko sau ɗaya ba ta yi amfani da ikon umarninta ta tilasta masa ba, alhali tana iyawa. Ta yi kukanta, gari ya waye ta ci gaba da aikinta. Shi kuma bakinsa na cewa a'a, hannunsa na dafa mata abinci, yana tsaye a kanta in zazzaɓi ya kama ta, yana neman ta kamar zai haukace in ta ɓace. Mu da muka tashi a gidajen da ba a cika furta so da baki ba, sai dai a gan shi a cefane da sannu da jiki, wannan yaren ba baƙo ba ne a wurinmu.

Inda ya gaza, ya gaza. Zanen ba na a zo a gani ba ne, wurare da yawa hoto ne a tsaye baki kawai ke motsi, faɗan ma ba ya daɗewa. Tomoe wani lokaci yana wuce gona da iri wajen kishi da gatsali, kuma labarin yakan wuce abin da wasa a inda ya kamata a ce masa ya yi laifi. Sau da yawa kuma, musamman a zango na farko, sai an sace Nanami ya zo ceto, har na fara gajiya da salon. Zancen rikicin gadon sarautar tengu a dutsen Kurama ya ɗan ja, ko da yake a nan ne aka ga ta fara tsayuwa da ƙafarta.

Babban abin da zan gargaɗi mai niyyar kallo a kai shi ne kashi 25 ɗin nan ba su kai labarin ƙarshe ba. An yi ta nuna alamun wata mata, Yukiji, da Tomoe ya so shekaru 500 da suka wuce, da tsohon abokin ta'asarsa Akura-ou, sannan zango na biyu ya rufe ba a warware ba. Warwarar tana cikin wasu kashi huɗu na musamman da ake kira Kako-hen, waɗanda aka fitar tare da littattafan a 2015 da 2016, sai kuma kashi ɗaya na rufewa a ƙarshen 2016. An tsallake abubuwa da dama na littafin kafin a kai can, don haka za a ga wasu fuskoki da ba a gabatar da su ba.

Kashi biyun ƙarshe na zango na biyu su na fi komawa ina sake kallo. Sun je gaishe da kami na sabuwar shekara, sai an ratsa wasu ƙofofi da ke nuna wa mutum shekaru 12 na rayuwarsa, Nanami ta maƙale a cikin nata. Tomoe ya shiga nemanta, ya tarar da ita 'yar mitsitsiya a gidansu na da, uwa ba lafiya, uba ya tafi caca, masu bin bashi suna buga ƙofa. Duk tsawon labarin yana yi mata gorin rauni da rashin wayo, ranar ce ya ga inda ta fito da idonsa. Da muka zo wurin ƙanwata tana gefena tana satar kallon fuskata, ta ce, "Yaya, in tsayar ne?" Na ce mata ta bar shi ya tafi.