Ƙamusun Oxford na masu koyo: mu auna shi da kalmar "get"

Wanda zai sayi ƙamusun Turanci a Sakkwato, kada kaurin littafi ya ruɗe shi. Ya buɗe harafin G ya dubi yadda aka yi wa "get" bayani. A nan ake gane ƙamusun kirki. Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948, bugu na 10 kuma ya fito a 2020, ya ci wannan jarrabawa.

Matsalar ɗalibinmu ita ce tun firamare an ce masa "get" na nufin samu, shi ke nan. Alhali a Hausa sai an ɗebo aikatau kusan goma kafin a biya bukatarta. "Get a letter" karɓar wasiƙa ne. "Get malaria" kamuwa da zazzabin cizon sauro. "Get to Wamakko" isa Wamakko, "get angry" fusata, "I don't get it" ban gane ba. "Get him to come" kuwa sa shi ya zo, "get the car repaired" a kai mota gyara wurin bakanike. Ƙamusun bai zuba waɗannan a kwando ɗaya ba. Kowane rukunin ma'ana yana da ɗan kanunsa da lambarsa da jimlolin misali, ga kuma tsarin ginin jimla a gaba, ko suna ne ke biyo baya, ko sifa, ko "to" da aikatau. Dabarar ita ce ka fara duba abin da ya biyo bayan kalmar a jimlarka, sannan ka bi kanun. Wanda ya fara daga ma'ana ta 1 yana gangarowa zai gaji kafin ya kai inda yake nema.

Inda ya fi amfani shi ne sashen ƙarshe, na "get" da 'yan rakiyarta. Kabu-kabu da bas ana cewa "get on" da "get off". Ƙaramar mota "get in" da "get out of". Namu "get down from the car" ana ganewa, amma mai duba takardar jarrabawa zai iya ja masa jan biro. Ƙamusun ya kuma nuna bambancin "got" na Ingila da "gotten" na Amurka, da ninka t a "getting", wanda ake yawan mantawa.

Asalin kalma kuwa sai an leƙa shafin Oxford na intanet, kyauta ne, har da muryar furuci iri biyu. "Get" ta shiga Turanci daga "geta" ta tsohon harshen mutanen Arewacin Turai, kuma uwa ɗaya suke da "forget" da "beget". 'Yan'uwanta masu babbar riga, "obtain" da "acquire", daga Latin suka fito, shi ya sa suka fi dacewa da takardar neman aiki ko rubutun digiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. ("Obtain" dai a bakin 'yan Nijeriya ta ɗauki wata ma'ana, ta damfara da ƙwace, ga kuma ta nan a laifin sashe na 419. Wannan ba Oxford za ka tambaya ba.)

Rauninsa a fili yake: Turanci ne ke fassara Turanci, babu Hausa ko ɗigo. Ɗan aji ɗaya na sakandare zai sha wuya sai da malami a kusa, ko ƙamusun Turanci da Hausa a gefe. Rubutun ma ƙanana ne.

Sai batun jabu, wanda ya cika kasuwa. Ɗaga shafi ɗaya ga hasken rana: in tawadar baya ta lulluɓe ta gaba, ko launin kanun kalmomi ya koɗe ya koma toka-toka, ajiye shi. Buɗe tsakiya ka dubi ɗaurin, domin gam mara kyau ba ya jure zafin Afrilu a garin nan. Wata biyu a jaka sai shafuka su fara zubewa. Ka kuma bi lambobin shafi, na jabu kan tsallake goma sha shida a jere ko ya maimaita su. Mai shirin WAEC ko NECO ya ƙara kuɗi ya ɗauki na asali, in aljihu bai kai ba ya yi ta amfani da na intanet a waya.