Zaɓen rezin da rana ba ta saurin mayar da shi rawaya

Duk wanda zai sayi rezin, wato ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri, domin zubawa a kan tebur, ko rufe zane, ko yin kayan ado masu sheƙi, ya kamata ya sani tun farko cewa babu rezin nau'in epoksi da ba ya komawa rawaya. Wani cikin 'yan watanni yake juyawa, wani kuwa sai ya yi shekaru. Mafi yawan epoksi daga sinadarin bisphenol A ake haɗa shi, wanda hasken UV na rana, hasken da ido ba ya gani, ke lalatawa sannu a hankali, sannan ruwan daskararwa da ake gauraya su tare shi ma launinsa yana sauyawa idan iska da zafi suka daɗe suna aiki a kansa. Ko gilashin taga ba ya ba da cikakkiyar kariya, domin yawancin hasken UVA, wani ɓangare na UV, yana ratsa shi.

Saboda haka rubutun da ke jikin gora cewa kayan ba ya rawaya ba hujja ba ne. A nemi takardar bayanin kayan, a duba ko an sa masa kariya iri biyu: sinadari mai shanye UV, irin su benzotriazole, wanda ke karɓe hasken ya mayar da shi zafi, da kuma HALS, wanda ke tare ɓarnar da hasken ya tayar kafin ta yaɗu. A ganina epoksin da ba shi da HALS bai cancanci aikin da aka zuba wa lokaci da ƙauna ba, domin wannan sinadari yana sabunta kansa, bai cika ƙarewa da wuri ba. Kamfanin da ya nuna sakamakon gwajin ASTM G154, wato gwajin juriyar kaya ga hasken UV, ya fi wanda ya tsaya ga yabon kai. A kuma yi hattara da rezin mai ɗan shuɗi a cikin gora, domin sau da yawa shuɗin rufe rawayar yake yi, ba ya hana ta.

Idan kayan a waje zai zauna, gara a koma ga wani rezin daban, foliyuretan nau'in alifatik, wanda ya fi kowane epoksi jure rana, amma a tabbatar ba nau'in aromatik ba ne, domin shi saurin rawayarsa ba kama hannun yaro. Matsalar foliyuretan ita ce danshi: ɗan laima a jikin katako ya isa ya cika zubin da ƙananan kumfa. Rezin foliyasfatik ma yana jure rana ƙwarai, sai dai yana saurin daskarewa, shi ya sa ya fi dacewa da shafi na sama a kan epoksi. Rezin foliyesta kuwa wari gare shi, yana tsukewa idan ya bushe, kuma yana rawaya.

Kafin babban aiki, a zuba samfuri biyu a kan farin allo, a ajiye ɗaya a rana, ɗaya a cikin akwati, bayan makonni a jera su a gwada launinsu.