Awa huɗu a bin sawun Hedy Lamarr: yadda na ga yawon rakiya a Viyana

'Yata ce ta yanka mana tikitin, ba ta ma shawarce ni ba. Tana karatun injiniya a jami'ar fasaha ta Viyana, babban birnin Ostiriya, ni kuma na je duba ta a watan Oktoba bayan na ajiye aiki. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina hawa da sauka a turakun sadarwar wayar salula tsakanin Kano, Katsina da Gusau, tun lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001. Da daddare ta miƙo mini wayarta ta ce, “Abba, gobe akwai inda za mu. Wata 'yar fim ce, amma aikinku ta taɓa.” Na ce mata ni da fim sai dai labari. Ta ce in dai yi haƙuri in zo.

Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ne ke shirya abin. A lokacin ana biya ta intanet, Yuro 35 kowane mutum, kuɗin mota kuma daban. A tallarsu sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a bi sawun “matar da ta ƙirƙiro Wi-Fi”. Wannan jimlar ta sa na tafi da shirin musu, domin na san ba haka zancen yake ba.

Mu tara ne muka haɗu da ƙarfe goma na safe a ƙofar gidan wasan da ake kira Theater an der Wien, daura da kasuwar Naschmarkt. Ja-gorar tamu dattijuwa ce, za ta haura sittin, da jakar hotuna a hammata. Ta raba mana abin sawa a kunne, ta ce da Turanci za ta yi bayani, wanda bai gane ba ya tsayar da ita. Abu na farko da ya burge ni shi ne ba ta fara da Hollywood ba. Ta nuna ginin, wanda aka buɗe a 1801, inda shahararren makaɗin nan Beethoven ya taɓa zama, ta ce a nan ne wata yarinya 'yar shekara 18 mai suna Hedwig Kiesler, wadda daga baya ta zama Hedy Lamarr, ta hau dandamali a 1933 ta fito a matsayin Sarauniya Elisabeth ta Ostiriya, a wani wasan waƙa da Fritz Kreisler ya yi wa kiɗa. Wata 'yar wasa, Paula Wessely, ce ta fara riƙe matsayin lokacin da aka buɗe wasan a ƙarshen 1932, daga baya ya zo hannun Hedwig. Kafin nan ta riga ta yi wasan daɓe a ƙarƙashin Max Reinhardt, wanda a zamanin babu darektan da ya kai shi suna a ƙasashen da ake jin Jamusanci. Wato yarinyar ba gaban kyamara kaɗai ta tsaya ba, ta tsaya gaban mutane masu rai dare bayan dare, inda in ka manta layinka babu mai cewa a sake ɗauka.

An haifi Hedwig ranar 9 ga Nuwamba 1914. Mahaifinta, Emil Kiesler, babba ne a banki, mahaifiyarta kuwa makaɗiyar fiyano ce 'yar Budapest, dukansu asalin Yahudawa. Ja-gorar ta daɗe a kan mahaifin. Ta ce in sun fita yawo yakan tsaya ya yi wa 'yar bayanin yadda tiram ke tafiya da lantarki da yadda injin buga jarida ke aiki. Ina jin haka na waiwaya, ashe 'yata ni take kallo. Na tuna ranakun Asabar da nakan ɗauke ta a mota mu je duba janareton wata hasumiya a hanyar Bichi, tana tambaya ina amsawa har ta yi barci.

Akwai maganar da na ji tsoron yadda za a kawo ta, ga 'yata a gefena. A 1933 ɗin dai aka saki wani fim na darektan Cek, Gustav Machatý, mai suna Ekstase, inda ta fito babu sutura, abin da ya jawo hayaniya har Fafaroma ya yi tir da shi, ƙasashe da dama suka hana nuna shi. Dattijuwar ba ta ɓoye ba, ba ta kuma yi ta yaɗa shi ba. Ta faɗi abin da ya faru, ta faɗi shekarun yarinyar a lokacin, ta ce wannan fim ya bi ta har kabari, ta rufe jakar hotunan ba tare da ta ciro komai ba. Na yaba mata ƙwarai a kan wannan. Ba na goyon bayan abin da aka yi a fim ɗin, amma manyan maza ne suka tsara shi suka ci ribarsa, yarinyar da ba ta cika ashirin ba ta ɗauki tabon.

Daga nan muka taka zuwa Karlsplatz, tafiyar da ba ta fi minti goma ba. Cocin Karlskirche na nan da koriyar ƙubba da dogayen ginshiƙai biyu, wanda ya hango daga nesa zai iya ɗauka masallaci ne. Jami'ar 'yata na manne da shi, kullum ta gabansa take wucewa. A cocin aka ɗaura auren Hedwig da Fritz Mandl ranar 10 ga Agusta 1933. Shi ne mai masana'antar harsasai ta Hirtenberg, ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, ya girme ta da shekara 14, yana kuma cinikin makamai da Italiyar Mussolini. A gidan wasan nan ya gan ta ya dinga aika furanni. Da aka yi auren sai ya hana ta wasa, ya shiga sayen kwafin fim ɗin nan duk inda yake don ya ɓatar da shi, abin da bai yiwu ba.

A nan aka yi tsayawar da ban ga amfaninta ba. An kai mu wani shagon kek aka ce a huta, aka ɓata kusan minti arba'in, kowa kuma ya biya daga aljihunsa. Da alama akwai fahimtar juna tsakanin kamfanin da shagon. Ni shayi kawai na sha, don ba a iya gaya mini abin da ke cikin kek ɗin ba, ga shi wasu na Viyana da giya ake haɗa su. Wannan minti arba'in ɗin da an kai mu Döbling da shi, unguwar da Hedwig ta tashi a arewacin gari, kusa da inda situdiyon Sascha yake, inda ta fara shiga harkar fim tana 'yar makaranta. An yi ta ambaton unguwar amma ko ƙafa ba mu sa ba. A yawon da aka ce na rayuwar mutum ne, barin gidan da ya girma babban giɓi ne.

Dandalin Schwarzenbergplatz shi ne inda ja-gorar ta nuna gwanintarta. A wannan dandali gidan Mandl na cikin gari yake. Ta tsayar da mu kusa da babban maɓulɓular ruwa, ta sa muka ɗaga kai muna kallon tagogin manyan gidajen, ta ce mu ƙaddara teburin cin abinci, janar-janar da injiniyoyi da dillalan makamai suna hirar yadda ake sarrafa makami daga nesa, ga matar gida an yi mata ado an zaunar da ita kamar fure a kwalba. Babu wanda ya ɗauka tana saurare. A 1937 ta gudu, ta bi ta Faris ta isa Landan. Wani Ba'amurke a cikinmu ya ce ai ya karanta cewa maganin barci ta ba 'yar aikinta ta sa kayanta ta fice. Dattijuwar ta ce labarin daga littafin tarihin rayuwarta na 1966 yake, wanda wasu suka rubuta da sunanta, ita kanta kuma ta kai ƙara kotu a kansa tana cewa an cika shi da ƙage. Don haka ta ce ba za ta sayar mana da shi a matsayin gaskiya ba. Tun daga nan na sakankance da matar.

Abin da ya biyo baya ja-gorar ta yi shi a gurguje, kuma daidai ne, tunda ba a Viyana ya faru ba. A Landan Hedwig ta haɗu da Louis B. Mayer na kamfanin fim na MGM, ta ƙi tayin farko da ya yi mata, ta shiga jirgin ruwan Normandie da shi ma yake ciki, kafin su sauka New York ta samu kwantiragi mafi tsoka da sabon suna, Hedy Lamarr. Fim ɗin Algiers na 1938 ya fito da ita a Amurka, a shekarar da Hitler ya haɗiye Ostiriya. Samson and Delilah na 1949 shi ne mafi kawo kuɗi cikin finafinanta. Aure shida, zama 'yar ƙasar Amurka a 1953, fim na ƙarshe a 1958.

A dandalin muka hau tiram mai lamba 71 zuwa babbar maƙabartar gari, Zentralfriedhof. Mutanen Viyana in suna so su ce wani ya rasu sukan ce ya hau 71. A cikin tiram ɗin ne ja-gorar ta ɗauko zancen ƙirƙirar, a nan kuma abin kunnen ya riƙa yankewa, sai da na tashi na koma kujerar da ke bayanta. Ya kamata kamfanin ya gyara wannan, domin mafi nauyin bayani a wurin da ya fi ƙara aka yi shi.

Ga yadda abin yake, da bakin wanda ya yi aikin. Bam mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, in da rediyo ake juya shi a kan mita ɗaya, abokin gaba zai gano mitar ya cika ta da hayaniya, makamin ya ɓace hanya. Dabarar Hedy ita ce mai aikawa da mai karɓa su riƙa tsalle tare daga wannan mita zuwa waccan bisa tsarin da su kaɗai suka sani. Matsalar ita ce yadda za a sa su yi tsallen a lokaci guda. Nan mawaƙin kiɗa George Antheil ya shigo, wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa fiyano masu kaɗa kansu da yawa su tafi tare. Suka ce a sa naɗin takarda mai huda-huda iri ɗaya a ɓangarorin biyu, mita 88, adadin maɓallan fiyano. Ranar 11 ga Agusta 1942 Amurka ta ba su takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 2,292,387, sunanta a jiki Hedy Kiesler Markey. Sojin ruwa suka ajiye takardar a durowa, ita kuma aka nuna mata cewa ta fi amfani wajen tara wa gwamnati kuɗin Yaƙin Duniya na Biyu da fuskarta. Ta yi hakan, ta tara maƙudan kuɗi.

Sai na yi tambayar da na taho da ita tun daga gida. Na ce, “Madam, a tallarku kun ce ita ta ƙirƙiro Wi-Fi.” Ta girgiza kai ta ce ba ita ta rubuta tallar ba, ta sha gaya wa ofis su cire. Ta ce wasu sun riga Hedy tunanin sauya mita, har akwai wani ɗan Holan da ya samu takarda a kai a 1932, kuma Wi-Fi na yau ba da wannan hanya yake aiki ba. Da ta ji aikina sai ta miƙo mini makirufo. Na gaya wa mutanen cewa Bluetooth na asali yana tsalle tsakanin tashoshi 79 sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya, GSM kuma da na yi rayuwata a kanta tana iya sauya mita kusan sau 217 a daƙiƙa don rage katsalandan tsakanin hasumiyoyi. Na sha kunna wannan tsari da hannuna a tsakiyar Kano inda layuka ke cunkushewa, ban taɓa sanin akwai wata 'yar wasan daɓe a cikin silsilar waɗanda suka yi tunaninsa ba. Abin da Hedy ta yi ya isa a girmama ta ba sai an ƙara gishiri ba, kuma ƙarin gishirin shi ke ba masu son raina ta ƙofa.

Ga wanda zai je: in kana da ciwon gwiwa ka zo da sanda, don maƙabartar gari ce guda, an buɗe ta tun 1874, daga ƙofa ta biyu zuwa kabarin akwai 'yar tafiya. Ka sa rigar sanyi mai kauri. Ka yi alwala tun daga gida, domin azahar za ta same ka a hanya kuma ba a ware lokacin komai ba in ban da kek. Yuro 35 ba ƙaramin kuɗi ba ne in ka juya shi zuwa naira, amma saboda wannan dattijuwa ban yi da-na-sanin ko sisi ba. Kamfanin na da ja-gora fiye da ɗaya, ka nemi a haɗa ka da mai jakar hotuna.

Hedy ta rasu a Florida ranar 19 ga Janairu 2000, tana da shekara 85, bayan ta daɗe ba ta fita, sai dai ta yini a kan waya. Sai a 1997 aka fara ba ta lambar yabo kan ƙirƙirar, ɗanta ne ya je ya karɓa. An ƙona gawarta bisa wasiyyarta, aka watsa wani kaso na tokar a dajin da ke kewaye da Viyana, sauran kuma birnin ya binne a 2014 a sashen da ya keɓe wa waɗanda yake karramawa, ba nisa da inda Beethoven da Schubert suke. Babu mutum-mutumi a kan kabarin. Siraran sandunan ƙarfe ne a tsaitsaye, in ka kalle su daga gefe ba ka ganin komai sai tarkace. Ja-gorar ta kama hannun rigata ta ja ni baya taku uku, ta ce in ɗan karkata hagu. Sai ga fuskar mace ta haɗu a cikin ƙarafan. Sauran suka shiga ɗaukar hoto, 'yata kuwa ta durƙusa tana ƙirga sandunan da yatsa.

“Abba, 88 ne,” in ji ta.