Gem ɗin harbi da na jagorantar runduna: wanne ya fi cin gwaninta?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin gem ɗin harbi irin su Counter-Strike da Valorant, waɗanda ake ce wa FPS, da na jagorantar runduna irin su StarCraft da Age of Empires, wato RTS, wanne ya fi buƙatar gwaninta. Ka kuma ce abokinka ya kafe a kan cewa na farko aikin yatsa ne kawai, na biyu kuwa aikin ƙwaƙwalwa. Wannan rabon nasa bai yi wa kowane ɓangare adalci ba. A ganina, bambancin yana ga yadda kowannensu ke cin hankalin mai bugawa. FPS so yake ka tattara hankalinka kacokan wuri guda na ƙiftawar ido. RTS kuwa yayyaga shi yake yi gida biyar, kuma ba zai sake ka ba sai an tashi wasa.

Mu fara da hannu, tunda a nan abokin naka ya fi kuskure. Idan yawan motsin yatsa ake magana, RTS ne a gaba nesa ba kusa ba. 'Yan StarCraft suna auna adadin umarnin da mutum ke bayarwa a minti guda, abin da suke kira APM, kuma a wajen ƙwararru 300 ba abin mamaki ba ne. Umarni biyar ke nan a kowane sakan, daga fara wasa har ƙarshensa. A StarCraft: Brood War na 1998 ba ka iya zaɓar mayaƙa fiye da 12 a lokaci guda, sannan su kansu mayaƙan sukan cushe a ƙofa ko su kama wata hanya dabam idan ba ka bi ta kansu ba. A kan wannan gem ɗin Koriya ta Kudu ta gina gasa ta ƙwararru har da tashoshin talabijin masu nuna ta, kuma ɗaya daga cikin manyan zakarunta, Lee Young-ho da aka fi sani da Flash, sai da aka yi masa tiyata a hannu. Wanda ya ce wannan wasan zama a yi tagumi ne, bai taɓa kallon yatsun masu buga shi ba.

Abin da FPS ke nema a hannu daban ne: daidaito. Kan abokin gaba daga nesa ɗan ɗigo ne a sikirin, kuma a Counter-Strike harsashi ɗaya na AK-47 a ka ya gama magana, ko da mutum na sanye da hular kwano. Bindigar tana da yadda take fizga idan ka danne ta, sama sannan gefe da gefe, don haka sai hannunka ya haddace yadda zai ja linzamin kwamfuta ya kishiyanci fizgar. Kana gudu kana harbi kuma, harsashi ya tafi inda ya ga dama, dole ka tsaya cak kafin ka saki. Yawancin mutane sukan ɗauki wajen milisakan 200 zuwa 250 tsakanin ganin abu da motsa yatsa, shi ya sa masu FPS ke damuwa da sikirin: mai sabunta hoto sau 60 a sakan yana ɗaukar kusan milisakan 17 kan kowane hoto, mai sau 240 kuwa wajen 4. A RTS danna ɗaya da ta kauce ba ta cika kashe ka ba. A FPS ita ce ajalinka.

Amma ka lura, gwanayen harbi ba su dogara da saurin ido ba kamar yadda 'yan kallo ke zato. Tun kafin abokin gaba ya leƙo, sun riga sun ajiye saiti, wato alamar auna bindiga da ke tsakiyar sikirin, daidai tsayin kai a kusurwar da suke sa ran zai fito. Sun ji takun ƙafarsa, sun san inda aka ga sauran abokansa huɗu, sun lissafa sakan nawa zai ɗauka daga can zuwa nan. Abin da kake gani kamar walƙiya, rabinsa hasashe ne. Ga kuma lissafin kuɗi: a Counter-Strike ana fara wasa da dala 800 ta cikin gem, AK-47 kuwa 2,700 ce, saboda haka ƙungiya takan yanke shawarar sadaukar da zagaye guda don ta sayi makamai masu kyau a na gaba. Mutum biyar ne a kowace ƙungiya, minti ɗaya da sakan 55 ga kowane zagaye, sai an san wa zai jefa hayaƙi, wa zai shiga farko, wa zai tsare baya. Finn Andersen na Denmak, wato karrigan, ya ja ƙungiyar FaZe ta ci babbar gasar Counter-Strike ta birnin Antwerp a 2022 yana da shekara 32, kuma ba don ya fi kowa saiti ba, don shi ke karanta wasa yana ba da umarni. A ɗaya gefen ga donk na ƙungiyar Team Spirit, wanda ya ci ta Shanghai a 2024 yana ɗan shekara 17 da tsabar kaifin hannu. Gem ɗaya ne ya ɗauki su biyun.

Tunanin RTS ya fi faɗi, a nan kam na ba abokinka gaskiya, sai dai ba irin tunanin da yake nufi ba ne. Ɗauki Age of Empires II na 1999. Kowane ma'aikaci abinci 50 ne da sakan 25 a cibiyar gari, kuma ƙa'idar farko ita ce kada cibiyar nan ta yi zaman banza. Kana yin haka kana raba ma'aikata tsakanin abinci, itace, zinariya da dutse, kana gina gidaje kafin wuri ya cika, kana zagaya da ɗan leƙen asiri don yawancin taswirar a rufe take, ba ka ganin abin da abokin karawarka ke ƙullawa. Idan ka hango yana tara mahaya dawakai, masu mashi za ka fitar. Idan 'yan baka ne, wata amsar ce dabam. Duk wannan ana cikin faɗa a wani lungu, inda ake so ka ja mayaƙin da ya ji rauni baya, ka kauce wa jifa. Kamar mai girki ne da tukunya huɗu a wuta: ba iya girkin ke gagara ba, sanin wacce za a buɗe yanzu da wacce za ta iya jira.

Nan ne kuma horon kuskure ya bambanta. A FPS ka yi kuskure, ka mutu nan take, ka san abin da ya kashe ka, zagaye na gaba kuma ka dawo da ranka. A RTS kuskuren ba ya ihu. Ka bar cibiyar gari minti ɗaya ba ta fitar da kowa, ka rasa ma'aikata biyu da duk abin da za su tara har ƙarshen wasa. Bayan minti goma sha biyar sai ka ga rundunar wancan ta ninka taka, ka ɗauka a fagen faɗa aka ci ka, alhali tun da wuri aka gama da kai. Wannan ne ke korar sababbin shiga, don mutum yana shan kashi bai san laifinsa ba. Kuma galibi kai kaɗai ne da abokin karawarka, babu wanda za ka ɗora wa. FPS na da nasa nauyin: sai ka iya faɗin abin da ka gani cikin kalma uku, ka kuma iya haƙuri da mutum huɗu da ba lallai su saurare ka ba.

Masu bincike ma sun taɓa ɓangarorin biyu. A 2003 Shawn Green da Daphne Bavelier sun wallafa a mujallar Nature cewa gem masu saurin aiki irin na harbi suna kaifafa yadda ido ke kama abubuwa da yawa a lokaci guda. A 2014 kuma masana a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada sun duba bayanan 'yan StarCraft II su 3,305, suka ga saurin mayar da martani yana fara ja baya daga wajen shekara 24, amma waɗanda suka manyanta suna cike giɓin da amfani da gajerun hanyoyin kibod da sauƙaƙa wa kansu aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne labarin na'ura. Manhajar maguɗi mai saita bindiga da kanta tsohon abu ne a FPS, kamfanoni kullum cikin yaƙi da ita suke, don saiti zalla ba ya yi wa kwamfuta wuya. StarCraft II kuwa sai da kamfanin DeepMind ya ƙera manhajar AlphaStar kafin na'ura ta doke ƙwararre, MaNa na Poland, da ci 5 da nema a ƙarshen 2018. Ko a lokacin an yi ta ƙorafin cewa tana ganin taswira gaba ɗaya ba tare da juya kyamara ba, da aka taƙaita mata ganin kuma MaNa ya ci ta a wasan da aka nuna kai tsaye. Daga baya a 2019 ta kai matakin Grandmaster, wato matakin ƙoli a jerin 'yan wasan. Kada dai a ɗauki wannan hujjar ta wuce gona da iri, domin manhajar saiti ba ta san yaushe za a sayi makami ko ta ina za a kai hari ba.

Idan sai na zaɓa, RTS ya fi ɗora wa mutum ɗaya kaya iri-iri, kuma ƙofar shigarsa ta fi ƙunci. FPS kowa na iya ɗauka ya ji daɗi a daren farko, amma a can sama tazarar da ke tsakanin gwani da gwani 'yar ƙarama ce ƙwarai, kuma rufe ta na cin shekaru. Gwaninta a ɗaya ba ta bin ka zuwa ɗayan sai kaɗan, irin sabo da linzami da saurin duba ƙaramar taswira.

Kai da abokin naka ku gwada wannan: kowa ya buga gem ɗin ɗan'uwansa, sannan ku kalli maimaicin wasan tare. A na harbi, ku tsayar da hoto sakan ɗaya kafin kowace mutuwa ku ga ina saiti yake kallo. A na runduna, ku ƙirga sakan nawa cibiyar gari ta yi a zaune da yawan dukiyar da ta taru ba a kashe ba.