Microsoft Defender: Mai Gadin Da Ke Tsare Kansa Kafin Ya Tsare Gida

Abin da na fi dubawa a manhajar riga-kafin kwamfuta shi ne yadda take kare kanta, domin tana aiki da iko mafi girma a cikin Windows, kuma duk wanda ya cusa mata nasa umarnin ya gaji wannan ikon, tare da amanar da kwamfuta ta ba ta. Da wannan ma'aunin na auna Microsoft Defender, wanda ke zuwa a cikin Windows 10 da 11.

A watan Maris na 2017 kamfanin Cybellum ya bayyana wata dabara da ya kira DoubleAgent. Dabarar ta yi amfani da Application Verifier, wani tsohon kayan gwaji na Microsoft da ke nan tun zamanin Windows XP, inda mahari ke rubuta sunan nasa fayil ɗin DLL (fayil mai ɗauke da umarnin da manhaja ke lodawa ta gudanar) a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, sai riga-kafin ya ɗauke shi da hannunsa duk lokacin da ya tashi. Avast, Kaspersky, McAfee da Norton duk suna cikin riga-kafin da aka ambata cewa dabarar ta yi tasiri a kansu. Defender kuwa ya tsallake, saboda yana gudana a ƙarƙashin wani tsari na kariya da Microsoft ya shigo da shi a Windows 8.1, wanda ba ya barin a loda masa fayil sai mai sa hannun da aka amince da shi.

Ana iya ganin wannan da ido. Na buɗe Task Manager, wurin da ake ganin manhajojin da ke gudana, da ikon mai gudanarwa, na nemo MsMpEng.exe, wato injin Defender, na umarce shi da ya tsaya, sai kwamfutar ta ce ba ni da izini, alhali kuwa ni ne mai ita. Wannan taurin kai ya burge ni, haka ma maɓallin Tamper Protection da aka ƙaro a 2019, wanda ke hana wata manhaja kashe binciken nan-take ta bayan fage.

Sai dai ba a rasa nono a ruga. A watan Mayu na 2017 Tavis Ormandy da Natalie Silvanovich na Google suka gano cewa fayil da aka ƙera da gangan zai iya ƙwace injin binciken Defender da zarar ya duba shi, ko da mai kwamfutar bai buɗe ba. An toshe ɓarakar cikin 'yan kwanaki. Abin da ya fi damuna a yau shi ne direbobi (ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfuta) masu rauni amma masu sa hannu na halal, waɗanda mahari mai ikon gudanarwa ke lodawa don ya kashe kariyar daga can ƙasa, inda Defender ba shi da ta cewa. Microsoft ya kunna jerin direbobin da aka haramta tun daga sabuntawar Windows 11 ta 2022, amma direba ba ya shiga jerin sai bayan an gano rauninsa.