Tallan ya fi littafin zafi

Jama'a yau dai sai na amayar da abin da ke raina kan wani littafi da na biya kuɗi na karanta satin nan, ba zan kama sunan marubuciyar ba don ba tozarta ta na zo yi ba. Tallan ne ya ja ni wallahi, wai tunda ake rubutun Hausa ba a taɓa yin irinsa ba, wai ki tanadi hankici don sai idonki ya kumbura da kuka, wai mai hawan jini kar ma ta kusance shi. Na tura naira 1,000 na tura shaidar biya aka saka ni a guruf ɗin WhatsApp.

Shafukan kyauta sun yi daɗi ba ƙarya, amma ana shiga na kuɗi labari ya kwanta, kishiya da uwar miji da boka, sai shafi guda cur ana kwatanta falon Alhaji tun daga labule har kalar kafet. Sirrin da aka ce zai girgiza ni kuwa tun a shafi na 12 na gano shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne littafin ba shi da muni fa! Akwai inda yarinyar take gasa wa babanta ƙafa da ruwan ɗumi da tsumma a gadon asibiti, yana tambayarta karatu tana cewa lafiya lau alhali an koro ta saboda kuɗin makaranta, nan wajen sai da na ajiye wayar na yi shiru. Da cewa aka yi labarin yarinya ne da mahaifinta da na saya da hannu bibbiyu, amma an cika min ciki da alkawari ina ta sauri ina jiran girgizar da ba ta zo ba, har wurare masu kyau na tsallake ban tsaya na ɗanɗana ba.

Littattafan da yayata ke karɓowa haya muna yara ma akwai zuzutawa a bayan bango, amma layi huɗu ne da 'yar tambaya, shin wa za ta aura, shi kenan.

Na bi marubuciyar ta gefe na faɗa mata, ta karɓa da mutunci, ta ce marubuta sun yi yawa in ba ta kambama ba babu mai waiwayarta. Na fahimce ta, ga kuɗin data ga zaman taifin har tsakar dare. Zan ƙara sayen nata in sha Allah don tana da alƙalami, sai dai wannan karon wadda ta riga ta karanta zan fara tambaya.